Farin Burodi a Hanyar Kalgo

Zulai ta kwance ledar da Malam Haliru ya ɗaure a kariyar keke, ta leƙa ciki, ta sake ɗaurewa da hannunta. Yanka huɗu ne na burodin alkama, mai launin ƙasa, irin wanda 'yarsu Halima Sadiya ke aiko musu daga Birnin Kebbi duk mako tun da aka ce ubanta na da ciwon suga. Sai gorar ruwa da ambulan ɗin takardunsa.

"Ka sha ƙwayarka?" ta tambaye shi.

"Na sha tun da na dawo masallaci."

"In ka ga mai shayi bakin hanya ka kau da kai, Malam. Na san ka da farin burodi."

"Mi zan yi da shi bayan na rantse?" in ji shi, yana danna tayar baya da babban yatsa don ya ji iska.

Kalgo ya nufa. Ranar ce ta ƙarshe ta tantance ma'aikatan da suka yi ritaya, kuma dole kowa ya je da ƙafarsa a gan shi ido da ido, a tabbatar yana raye. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa tsakanin Diggi da Dangoma, kuma duk ƙarshen mako da wannan keken yake dawowa Gwandu. Zulai ta roƙe shi ya hau mota, ya ce motar sai ta cika take tashi, shi kuma ba ya iya zaman jiran mutane. Ba gaskiyar ke nan ba. Gaskiyar ita ce ya gaji da yadda kowa a gidan ke lallaɓa shi kamar ƙwai. Ga shi kuma ya ji a rediyo cewa motsa jiki na rage suga, sai ya auna a ransa cewa tafiyar kilomita hamsin da wani abu ai wanke jinin za ta yi tas. Haka Malam Haliru yake. In ya ji rabin magana sai ya cika sauran da kansa, gobe kuma ka same shi a majalisa yana koyar da ita, ana gyaɗa kai saboda malami ne.

Ya bar gari hantsi bai fito ba. Lokacin kaka ne, hanya cike da amalanken shanu da jakuna ɗauke da dammunan gero. Kafin ya wuce Kambaza ƙafafunsa sun tuna aikinsu, har ya wuce wani saurayi da shi ma ke kan keke, ya kuma ji daɗin wucewar fiye da yadda ya dace da mai shekara sittin da biyu. Daga nan ya sauka daga kwalta ya kama burjin da ke yanke ta cikin gonaki zuwa titin Kalgo, hanyar da ya sani tun ba a zuba mata jar ƙasa ba.

Da rana ta ɗaga ya tsaya gindin wata tsamiya ya ci yanka biyu. Fiye da shekara yana cin burodin nan, har yau bai saba ba. Dusa-dusa yake ji a baki, sai ka tauna ka tauna kafin ya yarda ya wuce. Ya kora da ruwa, ya ɗaure sauran, ya hau.

Wajen ƙarfe goma da rabi abin ya fara. Da farko feda ce ta yi nauyi, har ya sauka ya duba ko burki ke kama taya. Lafiya lau take. Da ya sake hawa sai ya ga hannayensa na rawa a kan keken. Ya ƙara damƙewa, rawar ta hau har kafaɗa. Gumi ya karyo masa, amma ba gumin rana ba, wani mai sanyi ne da ya jiƙa bayan rigarsa ya sa tsigar jikinsa tashi. Sai yunwa, wata irin yunwa mai zafin rai da bai taɓa jin irinta ba ko a azumin bazara.

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya cinye yanka biyun da suka rage, yana cusawa ba kunya, ya shanye ruwan gorar duka. Ya jira. Babu abin da ya sauya, sai ma zuciyarsa da ta shiga bugawa yana jin ta a cikin kunne.

A nan tsoro ya kama shi, don ya san waɗannan alamun. Ya gan su sau ɗaya, a jikin Yaya Abu.

Bara ne, irin wannan lokacin. Wansa Abu, wanda shi ma yake shan ƙwayar suga, ya dawo daga yankan shinkafa tun asuba, ya zube a zaure yana rawar jiki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Yana ta cewa a ba shi fura, a zuba mata suga da yawa. Matarsa Binta har ta dama ta kawo, sai ga Haliru ya shigo. Ya karɓe ƙwaryar daga hannunta, ya yi mata faɗa, ya ce wannan ai sugan ne ya hau, shi ke sa mutum kwaɗayin abin da zai kashe shi. Ya ɓallo ƙwaya ya ba wansa da ruwa. Abu ya yi ta surutai marasa kan gado, daga baya ya yi barci mai nauyi da munshari. Suka ce sauƙi ne ya samu. Da la'asar ta yi aka kasa tashinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Duk Gwandu aka ce suga ya hau ya tafi da Abu. Ranar da aka binne shi Haliru ya rantse da Allah gaban Zulai cewa shi da suga da farin burodi har abada. Abin da ke cin ransa tun daga lokacin shi ne bai iso zauren da wuri ba, da wataƙila ƙwayar ta riga ciwon.

Yanzu ga shi shi kaɗai, ba zaure, ba Binta, ba kowa. Gonaki ne hagu da dama an girbe su, sai kara a tsaye. Ya laluba aljihu ya ciro katin ƙwayar. Ya gode wa Allah da ya sa ya zo da shi. Amma yatsunsa sun ƙi. Ya danna, katin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake, ya kai baki ya gwada da haƙori, haƙoran na kaɗuwa. Ko da ya ɓallo ta, bakinsa ya bushe ƙamas, ruwa kuma ya ƙare.

Ya tuna akwai mai shayi a inda burjin ke haɗuwa da titi. Bai fi kilomita biyu ba. A can akwai ruwa, akwai mai hannu lafiyayye da zai ɓalle masa.

Ya gwada hawa, keken ya karkace ya kai shi ƙasa, gwiwarsa ta daki tsakuwa. Bai ji zafi ba, wannan ma ya ƙara ba shi tsoro. Ya tashi ya riƙe keken yana turawa, ko kuwa keken ke jansa, shi ma bai sani ba. Hanya ta rabu biyu a idonsa, ya rufe ido ɗaya ta koma guda. Ya ce bari ya yi karatu. Ya ɗauko gajeriyar surar da ya haddace tun yana ɗan shekara biyar, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri guda. Abin da ke gaba ya ɓace sam, kamar an goge allo. Nan ya ji hawaye sun zubo masa. Mutuwa ba baƙuwa ba ce ga mai shekarunsa, amma ya tafi bakinsa ya kasa riƙe ko sura ɗaya, wannan ne ya razana shi har cikin ƙashi.

Ya yi tunanin yadda za a tsince shi. Wani mai amalanke zai buɗe ambulan, ya ga takardun mutumin da ya taso tun safe don ya nuna yana raye. Ya yi tunanin Zulai tana jiran ƙarar ƙararrawar kekensa da magariba. Ya ci gaba da jan ƙafa.

Sule mai shayi na goge tebur, yana shirin tattara kayan safe, ya hango dattijo na tangaɗi da keke. A kan benci kuma wata mata ce zaune, mai ƙiba, da tabarau da jaka a cinya, tana jiran motar Kalgo. Sunanta Rut, 'yar Zuru ce, ta yi aikin jinya a asibitocin yankin har ta yi ritaya, ita ma tantancewar nan ce ta fito da ita.

Keken ya faɗi gefe guda, Malam Haliru ya zube kan benci.

"Subhanallahi. Baba, lahiya?" in ji Sule.

"Ruwa," ya ce. Harshensa ya yi nauyi. Ya miƙa katin. "Ɓalle min. Guda. Suga ya hau."

Sule ya karɓa ya danna ƙwayar ta faɗo tafin hannunsa, ya juya zai ɗebo ruwa. Sai ya ji an riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya tukuna," in ji Rut. Ta karɓi katin ta ɗaga tabarau ta karanta bayansa. Ta dubi dattijon, ta taɓa goshinsa. "Baba, ka sha wannan yau?"

"Da asuba."

"Daga ina kake?"

"Gwandu."

"Da keken nan? Me ka ci?"

Ya nuna ledar da babu komai a ciki. "Alkama. Ba ni ƙwayata, baiwar Allah."

Ba ta ba shi ba. Ta jefa ƙwayar cikin jakarta, ta ciro wata 'yar na'ura mai kamar ƙaramar waya. "Ni ma ciwon nan gare ni, ba na fita ba ita," ta ce. Kafin ya janye hannu ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin. Su uku suka zuba wa na'urar ido, ko da yake shi lambobin rawa suke yi masa.

"Arba'in da huɗu," in ji Rut. Muryarta ta sauya. "Mai shayi, akwai sauran ruwan zafi? Zuba suga cokali huɗu, ka sirka da na sanyi. Ka yanko farin burodi, mai laushin nan. Yi sauri."

Malam Haliru ya ji maganar kamar daga cikin rijiya, amma ya gane ta. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi.

"Kashe ni za ku yi," ya ce.

"Suganka ba hawa ya yi ba, Baba, sauka ya yi. Ya kusa ƙarewa."

"Ƙarya ne. Na san alamun. Na gani da idona."

Sule ya ajiye kofi da burodin a gabansa. Ƙamshin ya doki hancinsa, duk jikinsa ya miƙa ga abin kamar ba nasa ba. Wannan kwaɗayin ne ya fi komai tsorata shi, don shi ya gani a idon Yaya Abu. Ya kau da kai, ya matse baki.

"Na rantse," ya ce ta tsakanin haƙora. "Na rantse da Allah ba ni ƙara ci."

"Baba, rantsuwa ai tana da kaffara," in ji Sule, yana tsugunne gabansa. "Miskinai goma za ka ciyar. Gara kai ka ciyar da su da hannunka da a taru a ci na sadakar ukunka. Sha, don Allah. Kar ka mace min bisa benci."

Rut ta cire tabarau ta matso har yana jin numfashinta. "Malam ne kai, ko? Na ga alama. To dube ni, Malam. Shekara ashirin da takwas ina wannan aikin. In ka ƙara minti goma a haka ba za ka iya haɗiya ba, ni kuma ba ni da allura a nan. In na yi kuskure, kofi ɗaya ba zai kashe ka yau ba. In kai ka yi kuskure, ba za ka ga Kalgo ba. Zaɓi."

Ya so ya yi gardama. Duk rayuwarsa bai taɓa rasa amsa ba. Amma ya nemi kalmomin ya rasa, gefen idanunsa ya fara duhu, ya ji benci na zamewa daga ƙarƙashinsa. Rut ta tallafe ƙeyarsa, ta kai kofin bakinsa. Ya yi bisimilla a zuci, iya abin da ya rage masa ke nan, ya haɗiya yana jiran mutuwa.

Ta sa ya shanye duka. Ta gutsura burodin tana tsomawa a kofi na biyu tana ba shi, yana narkewa a baki tun kafin ya tauna. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza kofunan kan tebur.

A hankali duniya ta dawo. Titin ya koma guda ɗaya. Ya ji zafin gwiwarsa, ya duba ya ga jini ya ɓata wando. Ya ɗaga hannu ya dube shi, rawar ta ragu, sannan ta tsaya. Ya gwada surar a ransa, ta zo daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Bayan minti goma sha biyar Rut ta sake sokin yatsar. "Casa'in da shida," ta ce, ta sauke ajiyar zuciya. "Ka ba ni tsoro, Malam."

"Wallahi ni ma hanjina ya kaɗa," in ji Sule, ya koma goge teburin da ya riga ya goge.

"Amma a asibiti aka ce in bar farin burodi," in ji Malam Haliru. Muryarsa ta dawo, sai dai ta yi ƙasa.

"Gaskiya suka faɗa maka. Ranar da kake zaune a gida, na alkama ya fi maka, don a hankali yake shiga jini. Amma ka sha ƙwaya, ka taka keke awa huɗu cikin rana, jikinka ya ƙone duk abin da ke ciki. A irin wannan lokacin mai saurin shiga ake nema. Duk mai shan wannan ƙwayar, in zai yi aikin ƙarfi, ya sa alewa ko suga a aljihu. Ba su gaya maka ba?"

Wataƙila sun gaya masa. Ya tuna ranar, ma'aikaciyar na magana shi kuma yana gyaɗa kai yana naɗe takarda, don a ganinsa ya riga ya gane.

"Keke kam ka gama da shi yau," ta ci gaba. "Ƙwayar nan tana daɗewa a jiki, zai iya sake sauka. Mota za mu hau tare. In an tantance mu, in raka ka asibiti su duba ko za su rage maka ita."

Bai yi musu ba, abin da da Zulai na wurin sai ta riƙe baki. Ba a jima ba wata mota ta tsaya, direba ya sauko suka kama keken shi da Sule suna ɗaurewa a bisa. Sule ya ƙulle sauran burodin a leda ya tura masa aljihu.

Malam Haliru bai tashi daga bencin ba. Yana kallon kofin da ya shanye, da sauran sugan da ya kwanta a ƙasansa.

"Sista," ya ce, "in tambaye ki."

"Ina ji."

"In mutum ya dawo daga gona yana wannan rawar jikin, da gumin, yana roƙon a ba shi fura da suga. Sai aka hana shi. Aka ba shi ƙwaya." Ya ture kofin gefe. "Sai ya yi barci."

"Wannan ba barci ba ne, suma ce. Ai ko cokali biyu aka sa masa a baki da…" Ta dubi fuskarsa.

Direba na jan igiya, keken na ƙara a kan rufin mota.

"Wane ne?" ta tambaya a hankali.

"Wana. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Rut ta daɗe tana juya tabarau a hannunta. "Ba ku sani ba, Malam. Mutane da yawa ba su sani ba."

"Matarsa ta sani. Ta dama, ta kawo." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Ni na karɓe. Ni ne mai boko a gidanmu."

Direba ya leƙo ya ce su shiga rana na yi.

Malam Haliru ya miƙe, sai kuma ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙofar mota. Wani sabon tsoro ne ya sauko masa, wanda ya fi na cikin gonaki, don wannan karon kansa garau yake.

"Akwai mutum shida a unguwarmu masu ciwon nan," ya ce. "Duk ni na koya musu. Na ce in sun ji rawar jiki su ƙara ƙwaya."

Ya shiga ya zauna, ya ciro waya. Ya nemo lambar Abdulrahman, maƙwabcinsa, ɗaya daga cikin shidan, wanda ya fi kowa riƙe maganarsa. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Yankan shinkafa ake yi, tun asuba su Abdulrahman suna fadama, rana kuma ta take tsaka. Mota ta hau titi. Ya sake kira.